Ushuaia, Gari a Ƙarshen Ƙasa

Idan mutum ya buɗe taswirar duniya ya dubi nahiyar Amurka ta Kudu, zai ga tana da faɗi daga arewa, tana kuwa tsukewa sannu sannu zuwa kudu kamar ƙahon sa. A daidai tsinin ƙahon akwai tarin tsibirai da ake kira Tierra del Fuego, watau Ƙasar Wuta. A kudancin babban tsibirin, a gindin duwatsu, a bakin wani siririn mashigin teku, akwai gari mai tashar jiragen ruwa, sunansa Ushuaia. Garin na ƙasar Ajantina ne. Daga Buenos Aires, babban birnin ƙasar, sai mota ta yi tafiyar fiye da kilomita 3,000 kafin ta kai. Daga garin kuma zuwa gaɓar Antatika, nahiyar ƙanƙara, wajen kilomita 1,000 ne kaɗai.

Tarihin garin ba shi da tsawo, gama a shekarar 1884 ne gwamnati ta kafa tutarta a wurin. Amma mai karatu ba zai gane wannan tarihi ba sai ya fara sanin ƙasar da iskarta, domin su ne suka raba tsakanin wanda ya rayu a wurin da wanda ya mutu.

Shimfiɗar Ƙasar

Ushuaia tana kusa da digiri 55 kudu da layin da ya raba duniya biyu. Sunan daga harshen mutanen wurin na asali ne, ma'anarsa kuwa lungun teku wanda ya kutsa wajen yamma. Gaban garin akwai Mashigin Beagle, ruwa mai zurfi wanda ya miƙe daga gabas zuwa yamma wajen kilomita 240. A ɗaya gefen mashigin akwai tsibirin Navarino, na ƙasar Chile. Bayan garin kuwa duwatsu ne masu tsayi. Su ne wutsiyar jerin duwatsun Andes, waɗanda suka biyo gefen nahiyar tun daga arewa, amma da suka iso nan sai suka karkata suka fuskanci gabas. Saboda haka duwatsun sun tsaya tsakanin garin da sauran ƙasar Ajantina kamar garu. Dutsen Olivia, wanda ake hange daga kowane lungu na garin, ya fi mita 1,300.

Filin da ke tsakanin dutse da ruwa ƙanƙane ne ƙwarai, don haka gidaje suka hau gangaren tudu bisa bisa. Kurmi ya rufe gindin duwatsun har zuwa tsayin wajen mita 600, daga nan itace ba ya iya tsiro, sai tsandauri da ƙanƙara. A cikin kwaruruka akwai fadamu inda gansakuka da ciyawa suka yi dubban shekaru suna tarawa ba su ruɓe sarai ba saboda sanyi, har suka zama kamar katifa mai jiƙe da ruwa.

Wanda zai zo da mota daga arewa tilas ya fita daga Ajantina ya shiga Chile, ya haye Mashigin Magellan cikin jirgin fito, ya sāke shiga Ajantina, sa'an nan ya hau duwatsu ta wata ƙofa da ake kira Garibaldi. Sai a shekarar 1956 aka buɗe hanyar mota ta wannan ƙofa. Kafin wannan lokaci, teku ce babbar hanyar garin.

Sanyin da Ba Ya Ƙarewa

Da yake garin yana kudancin duniya, lokatan shekara a juye suke. Watan Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu yake busawa a ƙasar Hausa, su ne lokacin ɗumi a Ushuaia. Yuni da Yuli kuwa su ne tsakiyar sanyi. Da tsakar rana mutum yakan dubi arewa ne ya ga rana. A ƙarshen Disamba hasken rana yakan kai sa'a 17, har mutane su ci abincin dare gari bai yi duhu ba. A ƙarshen Yuni kuwa sa'a 7 kaɗai ake samu, yara su tafi makaranta cikin duhu. Mutanen garin sukan yi bikin dare mafi tsawo a ranar 21 ga Yuni kowace shekara.

Abin mamaki shi ne, sanyin wurin bai kai yadda mutum zai zata ba. Birnin Mosko na Rasha nisansa daga tsakiyar duniya kusan ɗaya ne da na Ushuaia, amma a Mosko koguna sukan daskare da sanyi, da rani kuma a yi gumi. A Ushuaia matsakaicin ma'aunin zafi a watan Yuli yakan tsaya wajen digiri 1 zuwa 2, a watan Janairu kuwa wajen digiri 10. Dalili shi ne teku. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa, tsibirin kuwa ruwa ne ya kewaye shi ta kowane gefe. Teku tana hana sanyi ya yi tsanani, har tashar jiragen ba ta daskarewa duk shekara. Amma ita ce kuma take hana ɗumi ya zo. Ko a tsakiyar watan Janairu dusar ƙanƙara takan iya sauka. Don haka hatsi ba ya nuna a wurin, sai dai dankalin Turawa da kabeji da makamantansu.

Ruwan sama da ake samu a shekara ya ɗan fi milimita 500, watau kusan daidai da na birnin Yamai. Amma na Yamai yakan zubo cikin wata huɗu, rana kuma ta shanye shi nan da nan. Na Ushuaia yayyafi ne da dusar ƙanƙara, kaɗan kaɗan duk shekara, ba kuwa rana mai ƙarfi da za ta busar da ƙasa. Abin da ya jiƙe yakan daɗe a jiƙe. Mai karatu ya riƙe wannan, gama zai sāke fitowa a cikin labarin.

Sai kuma iska. A wannan yanki na duniya iskar yamma tana kewaya duniya duka bisa teku, ba wata babbar ƙasa da za ta tare ta sai wannan tsini na Amurka ta Kudu. Tsibiran da suke yamma su suke fara karɓarta, a can ake zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya, duwatsu kuma su rage mata ƙarfi kafin ta iso garin. Duk da haka akwai itatuwa a bakin mashigin waɗanda rassansu duka suka karkata gefe guda, domin tun suna ƙanana iska take tanƙwara su. Cikin yini ɗaya a kan ga rana, a ga hadari, a ga ƙanƙara, a sāke ganin rana.

Mutanen Kwalekwale

A cikin wannan yanayi wata al'umma ta zauna. Ana kiransu Yagan, ko Yamana. Masu tonon kayan tarihi sun tabbatar mutane sun yi fiye da shekara 6,000 suna zaune a bakin Mashigin Beagle. Ba su noma, ba su kiwo. Kowane iyali yana da kwalekwale na ɓawon itace, a tsakiyarsa kuwa akan shimfiɗa yumɓu a hura wuta a kai, wutar ba ta mutuwa duk inda za su. Maza sukan farauci dabbobin teku masu kitse da mashi. Mata su ne masu tuƙi, su ne kuma masu nitso cikin ruwan sanyi su kwaso katantanwar teku. Har yau ana ganin tsibin ɓawon katantanwa a wuraren da suka yi zango.

Tufafinsu ɗan guntun fata ne a kafaɗa, sai kitse da suke shafawa a jiki. Turawan da suka fara ganinsu sun ɗauka wannan alamar rashin wayewa ce. Ashe hikima ce. Jiki mai kitse ruwa ba ya zama a kansa, da mutum ya matso kusa da wuta sai ya bushe. Wutar mutanen tsibiran nan ce Magellan ya hango a shekarar 1520 sa'ad da yake ratsa mashigin da yake ɗauke da sunansa yanzu, daga nan sunan Ƙasar Wuta ya samo asali.

A shekarar 1616 waɗansu matuƙa 'yan ƙasar Holan suka kewaya ta kudu da tsibiran duka, suka raɗa wa tsinin da suka wuce suna Hoorn, sunan garinsu. Amma mashigin da Ushuaia take a bakinsa bai shiga taswirar Turawa ba sai a 1830, lokacin da jirgin Ingila mai suna Beagle ya zo awon gaɓar teku a ƙarƙashin Kyaftin Robert FitzRoy. Shi ne ya ɗebi mutanen tsibiran su huɗu ya kai su Ingila. Ɗaya ya mutu da agana. A 1833 ya komo da sauran ukun tare da wani saurayi mai wa'azi, Richard Matthews, da nufin a kafa tashar mishan. Ba a yi mako biyu ba aka janye saurayin, domin ransa yana cikin hatsari. A cikin jirgin nan akwai masanin halittu Charles Darwin, wanda ya rubuta cewa da wuya a sami mutanen da suka fi waɗannan ƙasƙanci a duniya.

Wata Tara na Allen Gardiner

Allen Gardiner tsohon hafsan sojan ruwa ne na Ingila, wanda ya ba da sauran ransa ga aikin bishara. A 1844 ya kafa ƙungiyar mishan domin yankin Patagoniya. A watan Disamba na 1850 jirgi ya sauke shi a tsibirin Picton, a bakin Mashigin Beagle ta gabas, shi da mutum shida: likita, da malamin koyar da addini, da kafinta, da masunta uku. Suna da ƙananan jirage biyu da guzurin wata shida.

Bayan jirgin ya tafi suka tarar an manta ba a sauke albarushinsu ba, ga bindigogi amma ba abin harbin tsuntsu. Ba su jin harshen Yagan, Yagan ba su jin nasu, tsoro ya shiga tsakani. Suka gudu zuwa wani lungu a gaɓar babban tsibirin suna jiran jirgin da zai kawo musu abinci. Jirgin bai zo a kan kari ba. Sanyi ya shigo, dare ya yi tsawo, igiyar ruwa ta lalata musu kaya. Ciwon da rashin ɗanyen ganye yake kawowa ya kama su, dasashi ya kumbura, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsu. Suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Gardiner ne ake jin ya cika na ƙarshe, a farkon Satumba na 1851. Da aka zo neman su aka sami littafinsa na kullum kusa da gawarsa, cike da addu'a da godiya ga Allah har zuwa kwanakinsa na ƙarshe.

Ba mai shakkar bangaskiyar waɗannan mutane. Amma gaskiya ita ce, yunwa ta kashe su a gaɓar da Yagan suka yi dubban shekaru suna ƙoshi. Kowa ya ga sabuwar ƙasa, in ji mutane, sai ya tambayi 'yan gari.

Ƙungiyar ta koyi darasi. Ta kafa tasha a tsibirin Keppel cikin tsibiran Falkland, ana kawo Yagan kaɗan kaɗan su zauna na ɗan lokaci, domin a koyi harshensu. Ko wannan ma bai tafi lami lafiya ba. A ranar 6 ga Nuwamba 1859 aka kashe mutum takwas na jirgin mishan a Wulaia suna cikin sujada, kuku kaɗai ya tsira.

Mishan a Bakin Lungu

A watan Janairu na 1869 Waite Stirling ya sa aka gina masa 'yar bukka a bakin lungun Ushuaia, ya zauna a tsakiyar Yagan, ba wani Bature tare da shi, har wajen wata shida. Ya zaɓi wurin ne saboda duwatsu sun kāre shi daga iska, jirgi kuma yana iya tsayawa lafiya. A ƙarshen shekarar aka naɗa shi bishop. A 1871 Thomas Bridges ya iso da matarsa Mary da 'yarsu jaririya, suka zauna dindindin.

Bridges maraya ne wanda wani fasto ya goya, ya kuwa koyi harshen Yagan tun yana saurayi a Keppel. Ya yi shekaru yana tattara kalmomi, har ƙamus nasa ya kai kalmomi wajen 32,000. Ya juya Bishara ta hannun Luka zuwa harshen a 1881, Ayyukan Manzanni a 1883, da Bishara ta hannun Yahaya a 1886. Wannan aiki ya ƙaryata masu cewa mutanen ba su da harshe sai gurnani. Darwin kansa, da ya ji labarin abin da ake yi, ya yarda ya yi kuskure game da su, ya riƙa aika gudummawa ga ƙungiyar.

Amma akwai ɗaya gefen labarin, ba kuwa daidai ba ne a ɓoye shi. Masu taimako a Ingila suka riƙa aiko da tufafi domin a rufe tsiraicin mutane. Rigar ulu ko ta auduga idan ta jiƙe a wannan ƙasa takan yini a jiƙe a jikin mai ita. Mutanen da dā suke warwatse cikin kwalekwale, kowane iyali da wutarsa, yanzu suka taru cikin ɗakuna rufaffu, inda tari yake saurin bin mutane. Tarin fuka ya shiga gidan marayu na mishan. A teku kuma mafarautan Turawa suna ƙarar da dabbobin da Yagan suke ci.

A 1881 Ajantina da Chile suka raba tsibiran a tsakaninsu da yarjejeniya. A 1884 Kwamanda Augusto Lasserre ya iso da jiragen gwamnati, a ranar 12 ga Oktoba kuma aka sauke tutar mishan, aka ɗaga ta Ajantina. Wannan rana ita ce ake lissaftawa ranar kafa garin. Jiragen ba su daɗe da tashi ba sai ƙyanda ta ɓarke, cutar da jikin Yagan bai taɓa saninta ba. A wannan shekara, kafin cutar ta ɓarke, Bridges ya ƙidaya Yagan wajen 1,000. Bayan shekara biyu ba su kai rabin haka ba. A 1886 ya bar aikin mishan, ya kafa gonar kiwo a Harberton, gabas da garin, inda waɗansu daga cikin sauran Yagan suka sami mafaka. Ya rasu a 1898. Ƙamus nasa bai fito a buge ba sai a 1933, sa'ad da masu jin harshen suka rage 'yan kaɗan.

Kurkuku, Masana'antu da Jirage

Gwamnati tana da tuta a wurin, amma ba wanda yake so ya je ya zauna. Sai ta mai da nisan da sanyin suka zama makami. Daga 1896 aka fara aiko da fursunoni, a 1902 kuma aka soma gina babban kurkuku na dutse. Ba a bukaci doguwar katanga ba, gama wanda ya tsere ba inda za shi. Fursunoni ne suka sare kurmi, suka shimfiɗa 'yar hanyar jirgin ƙasa ta ɗauko itace, suka gina tituna da gadoji. A watan Janairu na 1930, lokacin da jirgin Jamus mai suna Monte Cervantes ya bugi dutse a cikin mashigin, mutanen da aka ceto daga cikinsa sun fi mazaunan garin duka yawa, har aka kwantar da waɗansu a kurkuku. Shugaba Perón ya rufe kurkukun a 1947. Yanzu gidan tarihi ne.

A 1946 aka kawo waɗansu dabbobin ruwa daga Kanada, masu kama da gafiya, masu sare itace da haƙora su datse rafi, da zaton za a yi cinikin fatarsu. Cinikin bai yi ba, dabbobin kuwa ba abin da yake cinsu a tsibirin, suka hayayyafa suka lalata kurmi mai yawa. Itacen wurin a hankali yake girma saboda sanyi, abin da aka ɓata cikin shekara guda yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya komo.

A 1972 gwamnati ta yi dokar da ta ɗauke wa tsibirin haraji, domin ta jawo mutane. Aka kafa masana'antun harhaɗa talabijin da kayan lantarki. Garin da yake da mutane 'yan dubbai a 1970 ya kai kusan 57,000 a ƙidayar 2010, ya kuma kai wajen 80,000 a ta 2022. Da fili ya ƙare, sai gidaje suka shiga cin kurmin da ke bisa gangare.

Mashigin kansa ya kusa jawo yaƙi. A Disamba 1978 sojojin Ajantina da na Chile suka ja dāgā saboda ƙananan tsibirai uku, Picton da Lennox da Nueva. Paparoma John Paul na Biyu ya aiko da Kadinal Antonio Samoré ya shiga tsakani, aka kuwa sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a 1984. Tsibiran suka zama na Chile.

A yau yawancin jiragen da suke kai baƙi Antatika daga Ushuaia suke tashi, daga Nuwamba zuwa Maris, su yi kwana biyu suna ratsa teku mai hauka kafin su kai. Garin ya daɗe yana kiran kansa birni mafi kudu a duniya, ko da yake a 2019 Chile ta ba ƙaramin garin Puerto Williams, a ƙetaren mashigin, matsayin birni. Yanayin ma yana sākewa. Daskararriyar ƙanƙarar Martial da ke bisa garin, wadda rafinta yake cikin masu ba mutane ruwan sha, tana raguwa shekara da shekara.

Kusa da Puerto Williams wata tsohuwa ta zauna, sunanta Cristina Calderón. Ita ce ta ƙarshe cikin waɗanda suka tashi da harshen Yagan tun daga nonon uwa. Ta rasu a watan Fabrairu na 2022 tana da shekara 93. Zuriyar Yagan suna nan, waɗansunsu kuma suna ƙoƙarin koyon harshen kakanninsu. Cikin abubuwan da suke dogara da su har da ƙamus na Bridges.

Labarin Ushuaia yana da abin da zai koya wa duk wanda aka aika zuwa wata ƙasa da saƙo. Gardiner ya je da zuciya ɗaya, amma bai san ƙasar ba, ya mutu. Masu aiko da riguna sun yi da kyakkyawar niyya, amma ba su san ruwan wurin ba ya bushewa ba, waɗanda suke so su taimaka suka cutu. Abin da ya dawwama daga dukan wannan wahala shi ne aikin mutumin da ya zauna shekara da shekaru yana sauraron mutanen, yana tambayarsu sunan kowace iska da kowane lungu na tekunsu, yana rubutawa.